Gocewar Kwatangwalo ga Yara Masu Shanyewar Ƙwaƙwalwa da Iyakar Maganin Sassauta Tsoka

Gabatarwa

A unguwar Bulabulin ta birnin Maiduguri, kamar yadda yake a sauran unguwannin ƙasar nan, akan tarar da yaron da ya kai shekara uku ko huɗu bai iya zama da kansa ba, balle tafiya. Jikinsa a sandare yake, in an ɗaga shi tsaye sai ƙafafunsa su harɗe kamar almakashi, in kuwa uwa ta zo yi masa tsarki sai ta sa ƙarfi kafin cinyoyinsa su buɗe. Akwai magungunan da likitoci ke ba irin wannan yaro domin jikinsa ya saki, suna kuwa da amfani ƙwarai. Amma akwai wani hatsari da ke tafiya a ɓoye wanda magungunan nan ba su tare shi, watau gocewar ƙashin cinya daga gurbinsa a kwatangwalo.

A ƙaddara wata uwa a Bulabulin ta kai 'yarta asibiti, likita ya rubuta magani, aka ce ta komo bayan wata shida a ɗauki hoton ƙashi. Cikin makonni kaɗan jikin yarinya ya yi laushi, barcinta ya gyaru, wanka da tsarki suka yi sauƙi. Ganin haka sai uwar ta ɗauka an shawo kan ciwo, ta bar komawa, ta riƙa sayen ƙwayar a kantin magani da tsohon kwali. Bayan shekara biyu yarinya ta fara kukan dare, ba ta yarda a taɓa mata cinya, ƙafa ɗaya kuma ta gajarce. Da aka ɗauki hoto sai aka tarar ƙashi ya riga ya fita daga gurbinsa. Uwar nan ba ta yi sakaci da gangan ba, laushin jiki ne ya ruɗe ta. Domin kada irin haka ta riƙa aukuwa aka shirya wannan darasi.

1. Mece ce shanyewar ƙwaƙwalwa?

Shanyewar ƙwaƙwalwa lalura ce da ke samuwa sa'ad da wani rauni ya taɓa ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki, ko wajen haihuwa, ko cikin shekarunsa na farko, har sashen da ke sarrafa motsi ya kasa aika wa tsokoki saƙo daidai. A wasu wurare akan ce mata galahanga, sai dai sunan nan akan laƙaba shi ga wasu lalurori dabam. Wani likitan ƙashi na Ingila, William Little, ya yi bayaninta a gaban likitoci a Landan cikin 1861, ya kuma danganta ta da wahalar haihuwa. Cikin kowane jarirai dubu da aka haifa akan sami kimanin biyu zuwa uku masu ita.

A ƙasar nan abubuwan da suka fi jawo ta su ne doguwar naƙuda wadda jariri ke fitowa bai yi kuka ba, da shawara mai tsanani cikin makon farko, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro wanda ya hau ƙwaƙwalwa, da haihuwar bakwaini. Ba a ɗaukarta daga wani, ba kuma laifin uwa ba ne ko aikin iska.

Ya kamata a rarrabe ta da shan-inna. Shan-inna ƙwayar cuta ce mai yaɗuwa, tana barin ƙafa a sake, siririya. A Jihar Borno aka ga asalin ƙwayarta na ƙarshe a Nijeriya cikin 2016, a watan Agusta na 2020 kuma aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da wannan nau'i. Ita kuwa shanyewar ƙwaƙwalwa, ga yawancin masu ita tauri take kawowa, kuma ɗigon rigakafin shan-inna ba ya hana ta.

Abu guda da ya wajaba a riƙe shi ne, raunin da ke ƙwaƙwalwa ba ya ƙaruwa, amma abin da yake jawo wa tsoka da ƙashi yana ƙaruwa muddin yaro yana girma.

2. Yadda kwatangwalo ke gocewa

Saman ƙashin cinya mulmulalle ne kamar ƙwallo, yana zaune cikin wani gurbi mai kamar ƙoƙo a jikin ƙashin ƙugu. Wannan mahaɗa ita ce gaɓar kwatangwalo. Yawancin yara masu shanyewar ƙwaƙwalwa da lafiyayyar gaɓa ake haihuwarsu. Daga baya ne take lalacewa, dalilai uku kuwa ke haɗuwa su jawo haka.

Na farko, rashin tsayuwa da tafiya. Gurbin jariri ba shi da zurfi sosai. Nauyin jiki da motsin kullum su ke ƙara masa zurfi, kamar yadda dutsen niƙa ke lotsawa saboda yawan niƙa. Haka kuma wuyan ƙashin cinya, tafiya ce ke sa shi ya karkata yadda ya kamata, har kansa ya fuskanci cikin gurbi. Yaron da bai taka ba, gurbinsa yakan zauna ba zurfi, wuyan ƙashin kuma ya miƙe, ya nufi bakin gurbi maimakon tsakiyarsa.

Na biyu, tsokokin cikin cinya masu haɗe ƙafafu, da waɗanda ke naɗe cinya zuwa ciki, suna ɗaure dare da rana, suna jan ƙashi. Na uku, tsokokin gefen ɗuwawu, waɗanda aikinsu shi ne buɗe ƙafa da riƙe ƙashi cikin gurbi, ba su da ƙarfin da za su yi jayayya da su. Ta haka kan ƙashin ke zamewa sama da baya, kaɗan kaɗan, cikin watanni da shekaru. Abin ya fi sauri tsakanin shekara biyu da shekara biyar ko shida, ko da yake yana iya ci gaba har lokacin balaga.

Muguntar wannan gocewa ita ce ba ta da zafi da fari, kuma hannu ba ya gane ta, ko da hannun likita ne. Sai ta yi nisa alamu ke bayyana: cinyoyi su ƙi buɗewa, ƙafa ɗaya ta gajarce, gwiwoyi biyu su karkata gefe guda, yaro ya kasa zama daidai. In aka bar ta, gurunguntsin da ke kan ƙashi yakan goge, ciwo ya zauna, ƙugu ya karkace, ƙashin baya ma ya biyo shi, gyambon kwanciya ya samu, tsabtace yaro kuma ta zama azaba gare shi da mai jinyarsa.

3. Wane yaro ne ya fi shiga hatsari?

Cikin 1997 wasu masana a Kanada suka tsara matakai biyar na auna ƙarfin motsin waɗannan yara, likitoci kuma suna aiki da su ko'ina a duniya. Ga su a taƙaice:

Mataki na 1: yaro yana tafiya ko'ina ba taimako.
Mataki na 2: yana tafiya da kansa, amma tudu da matakala da nisa suna ba shi wuya.
Mataki na 3: yana tafiya da sanda ko abin dogarawa.
Mataki na 4: ba ya tafiya sai an tallafe shi, yawanci a keken guragu yake.
Mataki na 5: ba ya iya riƙe kansa ko zama sai an tokare shi.

A Jihar Biktoriya ta ƙasar Ostireliya an bi diddigin yara fiye da 300, aka buga sakamakon cikin 2006. An tarar kashi 35 cikin 100 na dukansu kwatangwalonsu ya goce. Da aka rarraba su bisa matakai, ba a sami ko ɗaya a mataki na 1 ba, a mataki na 2 kashi 15 ne, a na 3 kashi 41, a na 4 kashi 69, a na 5 kuwa kashi 90 cikin 100. Watau cikin yara goma da ba su iya riƙe kai, tara suna kan hanyar gocewa.

Akwai darasi babba cikin wannan bincike. Abin da ya nuna girman hatsari shi ne matakin motsin yaro, ba irin taurin jikinsa ba. Har yaran da jikinsu a sake yake, ba tauri, nasu yana gocewa in ba su tafiya. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci dalilin da ya sa sassauta tsoka kaɗai ba ya tsare gaɓa. Saboda haka tambayar farko da iyaye za su yi wa likita ita ce: a wane mataki yaron nan yake?

4. Hoton ƙashi shi ne ido

Hanya guda ce tabbatacciya ta gane gocewa tun da wuri, ita ce hoton ƙashin ƙugu. Akan kwantar da yaro rigingine, ƙafafu a miƙe a jere, ƙoƙon gwiwa yana duban sama, a ɗauki hoto ɗaya. A jikin hoton likita zai ja layi daga bakin gurbi zuwa ƙasa, ya auna yawan kan ƙashin da ya tsallake layin ya fita waje. Wani likitan Danmak mai suna Reimers shi ya bayyana wannan awo cikin 1980. In abin da ya fita bai kai kashi 30 cikin 100 ba, sai a ci gaba da lura. In ya wuce 30, gaɓa tana cikin hatsari, sai likitan ƙashi ya gani. In ya wuce 40 akan fara shawarar tiyata, domin da wuya ya koma da kansa. In ya kai 100, ƙashi ya fita sarai.

Hoto ɗaya ba ya isa, domin abin da ake nema shi ne ko awon yana hawa. Ga yaron da ba ya tafiya, akan ɗauki na farko kafin ya wuce shekara biyu, sa'an nan a riƙa maimaitawa bayan wata shida zuwa shekara guda, gwargwadon yadda likita ya tsara. Mai tafiya da kansa ba ya bukatar hoto da yawa haka. Hasken hoto ɗaya kaɗan ne, bai kai a ji tsoronsa ba in an gwada shi da abin da ake gudu.

An ga amfanin wannan tsari a kudancin ƙasar Siwidin, inda aka fara bin kowane yaro mai lalurar da hoto a kai a kai tun 1994. Kafin tsarin, kashi 8 cikin 100 na yaran ƙashinsu yakan fita sarai. Bayan shekara 20 aka ƙirga, sai aka tarar abin ya sauko zuwa rabin kashi ɗaya cikin 100. Ba wani sabon magani suka ƙago ba. Rajista suka buɗe, suka kiyaye ranar hoto, suka yi aiki a kan lokaci.

5. Magungunan sassauta tsoka

Ba kowane tauri ake ba magani ba. Wani yaron da taurin ƙafarsa yake dogara ya tsaya, in an sassauta shi sai ya zube. Likita yakan ba da magani in tauri yana jawo ciwo, ko yana hana barci, ko zama, ko tsabta, ko motsa jiki. Kafin nan ma akan duba ko akwai abin da ya tayar da taurin, kamar zazzaɓi, da taurin bayan gida, da ciwon haƙori, da ciwon mafitsara, da gyambo, domin sau da yawa in an magance waɗannan jiki yakan saki da kansa.

Bakulofen. A jikin kwali akan rubuta shi Baclofen ko Lioresal. An haɗa shi a Suwizalan cikin 1962. A lakar gadon baya yake aiki, yana rage saƙon da ke sa tsoka ɗaurewa. Akan fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa a hankali bisa nauyin yaro. Yana iya kawo yawan barci, da kasala, da langaɓewar wuya, da taurin bayan gida, ga mai farfaɗiya kuma yana iya tayar da ita. Ta ƙoda yake fita, saboda haka mai ciwon ƙoda sai an yi hattara. Babban hatsarinsa shi ne a daina shi farat ɗaya, domin hakan yana kawo jijjiga, da zazzaɓi mai zafi, da ruɗewa, da taurin da ya fi na da.

Diyazafam. Shi ne aka fi sani da Valium, ya shigo kasuwa cikin 1963. Yana sassauta jiki da sauri, ya fi dacewa da amfanin ɗan lokaci, kamar murɗewar tsoka mai zafi da dare ko bayan tiyata. Yana sa barci, da dalalar miyau, yana iya danne numfashi, jiki kuma yana sabawa da shi. Yana cikin magungunan da doka ta tsare, ba a sayar da shi sai da takardar likita, kuma wajibi ne a ɓoye shi daga matasan gida, domin yana cikin ƙwayoyin da ake shaye-shaye da su.

Tizanidin da dantirolin. Ba a cika ba yara su ba kamar biyun farko. Dukansu suna iya taɓa hanta, don haka akan riƙa gwada jini. Tizanidin kuma yana saukar da bugun jini.

Allurar botulinum. An fi saninta da Botox. Tun 1993 aka fara ba da labarin amfani da ita ga waɗannan yara. A cikin tsokar da ta ɗaure ake yin ta, ta tare saƙon jijiya a wurin kaɗai. Takan fara aiki cikin kwanaki, ta ɗauki kimanin wata uku zuwa huɗu, sa'an nan tauri ya komo. Tana da tsada, tana bukatar sanyi wajen ajiya da ƙwararren hannu wajen yi. Wani lokaci takan yaɗu zuwa wasu sassan jiki, shi ya sa hukumar magunguna ta Amurka ta sa a rubuta gargaɗi mai ƙarfi a kanta cikin 2009. Yaron da aka yi wa ita, in haɗiya ko numfashi ya yi masa wuya, a garzaya da shi asibiti.

Akwai kuma wata na'ura da ake dasawa a ƙarƙashin fatar ciki, tana ɗiga bakulofen kai tsaye cikin ruwan laka. Tana bukatar cikawa a kai a kai da asibiti na kusa mai shiri dare da rana, domin in ta tsaya rai yana cikin hatsari.

6. Abin da magani ba ya yi

Da allurar botulinum ta fito, likitoci da yawa sun sa rai in an sassauta tsokar cikin cinya, aka kuma sa takalmin ƙarfe mai buɗe ƙafafu, gaɓa za ta tsira. An gwada wannan a Ostireliya. Aka raba yara gida biyu, kashi ɗaya ana yi musu allura duk wata shida tare da takalmin har shekara uku, ɗaya kashin ba a yi musu. Sakamakon da aka buga cikin 2008 ya nuna bambancin kaɗan ne ƙwarai, gocewa ta ci gaba, masu binciken da kansu suka ce ba su ba da shawarar a dogara da wannan hanya ba. Da aka sake duba yaran bayan shekaru, aka buga cikin 2012, an tarar allurar ba ta rage bukatar tiyata ba. Magungunan sha ma ba a tabbatar suna hana gocewa ba.

Dalili a fili yake. Cikin abubuwa uku da aka lissafa a kashi na 2, ɗaya kaɗai magani ke taɓawa. Ba ya ƙara wa gurbi zurfi, ba ya gyara wuyan ƙashi, ba ya ƙarfafa tsokar da ta yi rauni. Aikinsa shi ne rage ciwo, da kawo barci, da sauƙaƙa jinya, wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Amma yaron da jikinsa ya yi laushi yana bukatar hotonsa a ranar da aka sa, daidai da wanda jikinsa ke sandare.

7. Ƙa'idodin riƙe magani

(a) Kada a sayi maganin sassauta tsoka da tsohon kwali, ko bisa shawarar maƙwabci. Awon yana canjawa da nauyin yaro.
(b) Kada a ƙara, kada a rage, kada a daina sai da umurnin likita. In za a daina, a hankali ake ragewa cikin makonni.
(c) A koma karɓar wani tun saura na mako guda.
(d) A gaya wa likita duk abin da yaro ke sha, har da na farfaɗiya, da na tari, da na gargajiya.
(e) A duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali.
(f) In yaro ya yi barcin da ba a iya ta da shi, ko numfashinsa ya yi ƙasa, ko ya fara shaƙewa wajen cin abinci, a kai shi asibiti nan take.

Mutanen Bulabulin sun san yadda fitina ke zuwa ba sallama. Ran 10 ga Satumba 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye sashe babba na Maiduguri, har da Bulabulin da Gwange, jama'a suka bar gidajensu cikin dare, ruwan kuma ya shiga har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Ga yaron da ke shan bakulofen ko diyazafam kullum, barin magani a baya a irin wannan rana wata fitina ce ta biyu. Saboda haka a haɗa magani, da katin asibiti, da tsofaffin hotunan ƙashi cikin leda ɗaya mai ƙulli, a rataye ta inda hannu zai kai cikin duhu. A kuma ɗauki hotonsu a waya. Tsohon hoton ƙashi dukiya ne, domin da shi likita ke gwada sabo. In magani ya yanke ba shiri, a shaida wa ma'aikacin lafiya na farko da aka gamu da shi sunan maganin da ranar da aka sha na ƙarshe.

8. Aikin gida

Ma'aikatan gashi da motsa jiki, watau na sashen fisiyo, su ke koya wa iyaye yadda za a riƙa miƙa gaɓoɓi a hankali, ba fizga. Kada a bar yaro kwance ta fuska ɗaya yini guda, a riƙa juya shi. In yana kwance a gefe a sa matashi tsakanin gwiwoyinsa. Goyo a baya, da ƙafafu a buɗe, zama ne mai kyau gare shi. A kan tabarma a zaunar da shi da ƙafafu a gaba, a hana shi zaman da ɗuwawu ke ƙasa tsakanin dugadugai. Kujera mai tokari da allon tsayuwa, kafintan unguwa yana iya yin su in ma'aikacin gashi ya ba shi awo. Duk waɗannan suna taimakon numfashi, da narkewar abinci, da ƙarfin ƙashi, da walwalar yaro, amma ba su maye gurbin hoto.

Aikin nan ya fi ƙarfin uwa ita kaɗai. Uba da 'yan'uwa su karɓe ta, musamman ranar asibiti, domin ɗaukar yaro ɗan shekara shida zuwa bakin titi a hau Keke Napep ba ƙaramin nauyi ba ne.

Game da maɗori kuwa, wannan gocewa ba irin ta wanda ya faɗo daga bisa ba ce, wadda ake ja a mayar. Gurbin ne ba shi da zurfi, ko an tura ƙashi ba inda zai zauna. Ƙashin yaron da ba ya tafiya kuma ba shi da ƙwari, ja da murɗa suna iya karya shi. Tsaga da lalas da ƙarfe mai zafi ba abin da suke ƙarawa sai gyambo.

9. Tiyata

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In an gane gocewa da wuri ga ƙaramin yaro, wani lokaci aiki ƙarami ya isa, watau a tsawaita jijiyoyin tsokar cikin cinya ta 'yar ƙaramar tsaga. In awo ya hau, sai a yanka ƙashin cinya a karkata kansa cikin gurbi a ɗaure da ƙarfe, in da bukata a gyara bakin gurbin ya rufe shi. In kuwa ƙashi ya daɗe a waje har kansa ya lalace, ba a iya mayar da shi, abin da ya rage shi ne aikin rage ciwo kawai, sakamakonsa kuwa bai kai na farko ba.

A sani cewa manufar tiyata ita ce gaɓa mara ciwo, da zama daidai, da sauƙin tsabta. Ba ta sa yaron mataki na 5 ya tashi ya yi tafiya, wanda duk ya yi alkawarin haka a yi hattara da shi. Kafin aiki akan so yaro ya sami abinci mai gina jiki, jininsa ya cika, farfaɗiya kuma ta kwanta. Bayan aiki ne diyazafam ke da rana, na 'yan kwanaki. Ko bayan tiyata ana ci gaba da hoto har yaro ya gama girma.

10. Inda za a nufa

Mazaunin Bulabulin zai fara da asibitin da ya fi kusa da shi, ya nemi takardar turawa zuwa Asibitin Ƙwararru na Jiha, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri wanda aka buɗe cikin 1983, inda akwai sashen yara, da na ƙashi, da na gashi. A harabar wannan asibiti aka buɗe cibiyar gyaran gaɓoɓi cikin 2020 da taimakon ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya, domin takalman gyaran ƙafa da kayan taimakon motsi. Akwai kuma Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959. A sauran jihohi a nufi asibitin koyarwa ko cibiyar lafiya ta Tarayya mafi kusa.

Dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta tabbatar wa yaran nan haƙƙin kiwon lafiya da ilmi. Bulamomi da lawanai da masu unguwanni, da limamai, da ungozomomi, su suka san gidajen da ake ɓoye irin waɗannan yara saboda kunya, kalmarsu kuwa tana da nauyi. Ranar 6 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da masu wannan lalura a duniya, dama ce ta yin wannan bayani a masallatai da majami'u da makarantu.

Tambayoyin bita

1. Waɗanne dalilai uku ke sa kwatangwalo ya goce, wanne ne cikinsu magani ke taɓawa?
2. Me ya sa ba a jiran sai yaro ya ji ciwo kafin a ɗauki hoto?
3. Awo nawa ne cikin 100 ke nuna lokacin ganin likitan ƙashi ya yi?
4. Me ke faruwa in an daina bakulofen farat ɗaya?
5. Waɗanne abubuwa uku ake haɗawa cikin leda ɗaya?

Duk gidan da ke da yaro mai shanyewar ƙwaƙwalwa wanda ya kai shekara biyu bai fara tafiya ba, ba a kuma taɓa ɗaukar hoton ƙugunsa ba, ko shekara guda ta wuce da ɗaukar na ƙarshe, to a kai shi cikin wannan wata, ko da jikinsa ya yi laushi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.